Mai ya yi tsada, amma titunan Katsina ba su huta ba

Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa a Katsina sun ɗauka ko ba komai za a samu sauƙi ta fuska ɗaya, wato tituna za su yi sarari. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu zuwa uku, don haka aka yi zaton wanda fitarsa ba ta zama dole ba zai zauna gida, mai mota biyu zai ajiye ɗaya, masu zagayen gari da yamma za su rage. Haka kuwa aka yi a makonnin farko. Duk wanda ya bi titin IBB ko na Yahaya Madaki a watan Yunin 2023 zai tuna yadda hanya ta yi fayau. Hukumar NMDPRA mai kula da harkar mai ta ce abin da ake sha kullum a ƙasar ya faɗo daga kusan lita miliyan 65 zuwa ƙasa da miliyan 50.

Wannan hutu bai daɗe ba. Yau ka je Ƙofar Ƙaura da ƙarfe takwas saura na safe, ko ka bi ta gaban Babbar Kasuwa bayan la'asar, ko ka kama hanyar Dutsin-Ma lokacin da ɗalibai ke tashi, za ka iske cunkoson yana nan daram. Abin da ya sauya shi ne irin abin hawan da ya cika titin, da kuma yadda ake tuƙa shi. Wannan sauyi ne nake ganin ba mu tsaya mun duba da kyau ba, kuma shi ne ke ƙara rura wutar rigima tsakanin direbobi da jami'an kan hanya. Da yawa daga cikin laifuffukan da ake yanka wa tara a yau, idan ka bi salsalarsu, a bakin famfon gidan mai za ka tsaya.

Ba yau aka fara ƙarin kuɗin mai ba. A zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa lita ta sauko har naira 65. A Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta kai ta 141, zanga-zanga ta sa aka dawo da ita 97. A Mayun 2016 gwamnatin Buhari ta mayar da ita 145. Kowane ɗaya ya yi ciwo a lokacinsa, amma babu wanda ya ninka farashi kusan sau uku a tashi ɗaya irin na 2023, kuma bayansa ba a tsaya ba. A Yulin shekarar lita ta haura 600, a Satumbar 2024 ta doshi 900, wata guda bayan haka ta tsallake 1,000. Mu da muke nesa da tashoshin ruwa kullum da ɗoriyar kuɗin dako a kan namu. Sannan a Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai taya da baƙin mai da batir da kayan gyara duk suka bi fetur sama. Direba bai gama jin ɗaya ba, ɗayan ya sauka a kansa.

Ɗauki ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Barhim ko Shagari Low Cost, yana aiki a sakatariya. Da can da safe zai kwashi yara a mota ya sauke su makaranta, ya ajiye uwargida a wurin aikinta, ya wuce ofis. Yanzu motar tana gida an lulluɓe ta, sai Juma'a ko ranar biki take fita. Amma tafiyar ba ta mutu ba. Yaran dole su je makaranta, uwargida dole ta je aiki. Shi ya sayi babur, yara an yi musu shatar napep na wata, ita kuma ta tari wani a bakin titi. Mota ɗaya ta bar hanya, abin hawa uku sun maye gurbinta.

A nan gizo ke saƙa. Motar gida tana tashi daga ƙofar gida ta je inda za ta, a kashe ta, ba za ta sake hawa titi ba sai an tashi aiki. Napep da babur na haya kuwa wuni suke yi suna zagaye, kuma aikinsu tsayawa ne: a tsaya a ɗauka, a tsaya a sauke, a tsaya a yi ciniki, a tsaya a nemo canji. Ba yawan abin hawa kaɗai ke haifar da cunkoso ba, yawan tsayawa a inda ya kamata a wuce ya fi haifar da shi. Napep ɗaya da ya ci burki a bakin shataletale don wata ta ɗaga masa hannu ya isa ya tsayar da layin mota goma, su kuma na baya kowa ya fara neman kafar da zai kurɗa, nan da nan hannu biyu ya koma hannu huɗu, babu mai gaba babu mai baya.

Ga kuma sababbin shiga sana'ar. Matsalar tsaro ta koro mutane daga ƙauyukan Batsari da Jibia da Safana da Ƙanƙara da sauransu zuwa cikin birni. Manomin da gona ta gagare shi, da saurayin da ya gama makaranta babu aiki, da ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, sana'ar da ta fi saurin karɓarsu ita ce kabu-kabu ko tuƙin kurkura. Ba ta neman takardar shaida, ba ta neman shago. Wani sati ɗaya ya yi yana koyo a fili aka damƙa masa makulli. Bai taɓa zama an karantar da shi wa ke da hannu a shataletale ba, bai san abin da farin layi ke nufi ba. Ba rashin hankali ba ne, ba a koya masa ba ne, kuma babu wanda ya tsare ƙofa ya ce sai ya koya kafin ya hau titi.

Mu yi lissafi irin na mai napep, don a ga inda halin nasa ya samo asali. A ce a wuni yana shan lita shida. Da lita tana 195, kuɗin mansa bai kai naira 1,200 ba. Da ta kai 1,000, sai ya fitar da 6,000 kafin ya fara maganar balas ɗin mai abin hawa, da kuɗin ƙungiya, da abin da zai ci da rana. Kuɗin mai ya ninka sau biyar. Shin zai iya ninka kuɗin fasinja sau biyar? Ba zai iya ba, domin fasinjan albashinsa bai ninka haka ba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, wannan ma ga masu albashin ke nan. Idan ya tsawwala, mutane su taka da ƙafa. Don haka giɓin da ya rage dole ya cike shi ta wata hanya, kuma hanyoyin da ke gabansa kusan duka laifi ne a idon doka.

Zai ƙi tashi sai ya cika, ya kafe a mahaɗa yana kiran fasinja, domin tafiya da mutum ɗaya asara ce. Zai ɗora huɗu a baya, ya raba kujerarsa da na biyar, ya laƙaba buhu a sama. Idan inda za shi yana tsallaken titi ne, kuma wurin juyawa yana da nisan rabin kilomita, zai bi hannun da ba nasa ba yana raɓe da gefe, domin a kansa wannan zagayen mai ne zai ƙone ba tare da an biya shi ba. Zai ci gaba da tafiya da tayar da ta suɗe, burkin da ke kuka ya ce sai wani satin. Ɗan acaɓa zai kashe inji a gangara, ya ɗauki mutum biyu da yaro a kan tanki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da suna da lamba a takardar tara.

Gwamnatin Aminu Bello Masari ta gina gadojin ƙasa a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, kuma duk wanda ya san wuraren kafin aikin ya san an samu sauƙi. Sai dai gada tana maganin motocin da ke giftawar juna ne, ba ta maganin masu lodi. Ta raba hanya da kyau, amma inda ta sauka nan masu napep ke jeruwa, domin nan fasinja yake. Ita kuma hanyar da aka raba da shinge a tsakiya tana tsawaita wa mai ɗan gajeren zango tafiyarsa. Injiniya ya zana titin da tunanin mai mota da ke da cikakken tanki. Wanda ya fi kowa amfani da shi a yau mutum ne da ya sayi man naira dubu ɗaya yana ƙirga kowane zagaye.

Gidajen mai ma sun zama wuraren cunkoso ta wata sabuwar siga. Da can ana layi ne don babu mai. Yanzu mai yana nan, amma farashi ya bambanta daga gida zuwa gida. Bambancin naira ashirin ko talatin a lita ba komai ba ne ga mai shan lita biyu, amma ga direban haya da ke shan lita talatin kullum kuɗi ne. Sai ka ga gidan man da ya fi rahusa, ko wanda aka yarda litarsa cikakkiya ce, layinsa ya fito har ya cinye hannu ɗaya na titi, na kusa da shi kuma ma'aikata suna zaune suna hira.

Katsina tana da ƙarin nata dalilin, domin jiha ce ta kan iyaka. A Nuwambar 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, don toshe fasa-ƙwauri zuwa Nijar. Mutanen Jibia da Mai'aduwa da Kwangwalam da Ɗankama suka koma ko dai su sha a hannun 'yan bumburutu da tsada, ko su niƙo gari har zuwa Katsina ko Daura. A ƙarshen Agustan 2021 kuma dokar tsaro ta gwamnatin jiha ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita gidajen man da za su yi aiki a ƙananan hukumomin da ke fama da 'yan bindiga, ta hana goyon mutum uku a babur da ɗaukar fiye da fasinja uku a napep, ta kuma hana su yawo da dare. Dalilan tsaro ne, ba na cunkoso ba, amma sun tura ƙarin abin hawa zuwa gidajen man cikin gari, kuma sun sa lodin napep ya zama maganar tsaro a kan kasancewarsa maganar haɗari. Raguwar shan man da NMDPRA ta ambata ma, wani kaso nata na motocin da suka daina tsallaka iyaka da mai ne, ba na mutanen da suka daina hawa titi ba.

A kan manyan hanyoyi abin ya fi ban tsoro. Ƙaramar Golf da aka ƙera don mutum biyar tana tashi daga Katsina zuwa Daura da biyu a gaba kusa da direba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure kaya da igiya har ƙarshenta ya kusa shafar kwalta. Ranar kasuwar Charanchi ko ta Mai'aduwa za ka ga mutane a saman tirela da buhuna, ko tare da shanu, domin kuɗin motar haya ya fi ƙarfinsu. Direban yana gudu ne don ya samu sawu biyu a wuni maimakon ɗaya. Ina bayanin dalilin ne, ba ina wanke kowa ba. Motar da ta ɗauki fiye da ƙarfinta ba ta tsayawa inda aka taka mata burki, kuma tayar da ta suɗe a kan kwalta mai zafin watan Afrilu fashewa take yi. Waɗanda ake kwasowa zuwa asibitin koyarwa ko Janar ba masu kuɗi ba ne, su ne dai talakawan da aka ce don a sauƙaƙa musu aka yi lodin. Don haka hukunci dole ne. Tambayar ita ce wane irin hukunci, kuma ta wace hanya.

Mai abin hawa a Katsina yana iya haɗuwa da hukuma huɗu a tafiya ɗaya. Akwai hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, take aiki da dokarta ta 2007. Akwai jami'an VIO masu duba lafiyar mota da takardu. Akwai KASSAROTA, hukumar jiha mai kula da zirga-zirga, wadda aikinta ya yi kama da na KAROTA ta Kano. Sannan ga 'yan sanda. Kowace da dokarta, kowace da takardarta, kowace da asusun da ake biya. Direban da ba ya karatun boko, wanda shi ne mafi yawa a cikin masu haya, bai san wa ke da ikon tambayarsa me ba. Abin da ya sani shi ne an tare shi.

Jadawalin tarar FRSC da aka daɗe ana aiki da shi ya yanka naira 2,000 ga wanda bai ɗaura bel ba, 2,000 ga mai babur da ba hular kwano, 4,000 ga mai waya yana tuƙi, 10,000 ga mai lodin da ya wuce ƙa'ida, 10,000 ga marar lasisi, 50,000 ga mai tuƙin ganganci. Auna waɗannan da farashin mai. Lokacin da lita take naira 65, tarar lodi daidai take da lita fiye da 150, abin da zai sa direba ya yi tunani sau biyu kafin ya ƙara mutum ɗaya. Da lita ta kai 1,000, tarar ta koma lita 10. Direban Sharon da ke ƙara fasinja biyu a kowane sawu zuwa Kano, cikin kwana ɗaya ko biyu ya mayar da wannan kuɗin. Mai babbar mota da ke waya a kan sitiyari, naira 4,000 ba ta kai man da zai ƙona daga GRA zuwa jami'ar Umaru Musa ya dawo ba. Amma wannan 10,000 ɗin, ga mai napep da ke tuƙa na wani, ta fi abin da zai kai gida a wuni. Kuɗi ɗaya ne, wani bai ji shi ba, wani kuma ya kwana da yunwa a kansa.

Duk da haka ba adadin kuɗin ne ya fi razana direba ba, ɓata wuni ne. Tun da aka tilasta asusun bai ɗaya na gwamnatin tarayya a 2015, tarar hukumar tarayya ba a hannu ake biya ba. Za a rubuta maka takarda, a riƙe lasisinka ko takardun mota, wani lokaci a tafi da motar ofis. Sai ka je an ciro maka lambar biya ta Remita, ka biya a banki ko ta waya, ka dawo da shaida, sannan a sake ka. Idan abin ya faɗo yammacin Juma'a, wataƙila sai Litinin. Motar da ta kwana a hannun hukuma kuma tana iya jawo kuɗin ajiya. Tsarin yana da kyakkyawar manufa, don kada kuɗin gwamnati ya bi ta aljihun kowa. Amma ga wanda cin yau ɗinsa yake kan titi, kuma mai abin hawa yana jiran balas da magariba ko an yi aiki ko ba a yi ba, wunin da ya salwanta ya fi tarar tsada.

Ga abin da ake gani a kowace mahaɗa. Jami'i ya sha gaban napep, ya miƙa hannu ya zare makulli.

"Malam, mutum nawa ka ɗauko? Ƙirga su da kanka."

"Yallaɓai, a yi haƙuri don Allah. Wallahi tun safe ban haɗa kuɗin mai ba."

Wata dattijuwa ta leƙo daga baya, jikanta a cinya, katin asibiti a hannu. "Ɗana, ka dubi girman Allah ka ƙyale shi, awo za mu kai yarinyar nan, layi zai wuce mu."

"Hajiya, ku ake tsare wa rai. In ya kife da ku wa za a kama?"

Kowa cikinsu gaskiya ya faɗa. Amma yayin da ake wannan, napep ɗin yana tsakiyar hanya, 'yan uwansa sun fara taruwa, masu kallo sun zagaye, na baya suna ta hon. Kamen da aka yi don a hana cunkoso shi da kansa ya toshe titin. Kuma irin wannan tsayuwa ta fi ƙarewa ta ɗaya daga hanya biyu: ko a sake shi don albarkacin Hajiya, ko a koma gefe a sasanta. Ta ko wacce aka bi, gobe zai sake ɗaukar biyar.

Sasantawar nan ita ce babbar ɓarna, kuma sau da yawa direban ne ke fara miƙa hannu. Yana ganin ya yi dabara, ya ba da ɗari biyar ya tsira daga dubu goma. Abin da ya saya a gaskiya shi ne izinin a sake tare shi gobe, domin ya nuna shi mai bayarwa ne. Ba shi da rasit, ba shi da hujja, kuma yunƙurin ba jami'i cin hanci laifi ne mai zaman kansa a cikin jadawalin. Jami'an kirki, waɗanda suke tsaye cikin rana da ƙura suna ba da hannu, su ma wannan ɗabi'a tana zubar musu da mutunci, har ya zama duk wanda aka tsayar abin da ya fara zuwa ransa shi ne kuɗi ake nema.

Shawarata ga wanda aka tare ita ce ya gangara gefe sosai, ya kashe mota, ya yi sallama, ya tambaya cikin ladabi wane laifi ya yi. Idan an ce tara ce, ya nemi a rubuta masa takarda mai ɗauke da sunan laifin da adadin kuɗin da ranar, ya duba sunan jami'in a ƙirjinsa. Ya biya ta hanyar da hukumar ta tanada, kada ya tura kuɗi asusun wani mutum ko da an ce masa don a sauƙaƙa masa ne, ya kuma adana rasit ɗin, ya ɗauki hotonsa a waya. Idan yana ganin bai yi laifin ba, bakin titi ba wurin shari'a ba ne. Cacar baki da riƙe rigar jami'i sabon laifi ne da ya fi na farko nauyi. Ya karɓi takardar, ya kai kokensa ofishin hukumar, ko ya nemi a kai shi gaban alƙali. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a hukunta shi, kuma ko a kotun tafi-da-gidanka majistare ne ke zaune, mutum yana da damar cewa bai amsa laifi ba. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu napep nan ne ya kamata a ga amfanin kuɗin da suke karɓa kullum: su raka ɗansu ofis, su tsaya masa idan yana da gaskiya, su faɗa masa idan ba shi da ita.

Mafi arhar kariya kuma ita ce takardu su cika kafin a fito: lasisin tuƙi mai rai, takardun mota da aka sabunta, shaidar lafiyar mota, da inshora. Inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, kuma 'yan sanda sun fara matsa lamba a kanta daga 1 ga Fabrairun 2025. Mutane suna kallonta a matsayin wani harajin, alhali ta gaskiyar tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. A yau da fitilar mota ɗaya ta isa ta cinye albashin wata, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a tabbata daga kamfanin inshora na gaske ta fito, ba wadda aka buga a bayan ofishin lasisi ba.

Maganar wa ke da ikon cin tara ma ba ta gama zama ba ko a kotuna. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta tabbatar da hukuncin da ya taƙaita aikin FRSC ga hanyoyin gwamnatin tarayya. A Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana jami'an VIO na birnin tarayya tsayar da motoci da kama su da cin tara, bisa cewa babu dokar da ta ba su wannan iko. Waɗannan hukunce-hukunce sun yaɗu a WhatsApp, har wasu direbobi a nan suna ɗaga murya da su a bakin hanya. A yi hattara. Hukuncin Abuja a kan hukumar Abuja aka yi shi, jiha kuma tana da majalisarta da dokokinta. Darasin da ya kamata gwamnati ta ɗauka daga ciki shi ne, duk hukumar da za ta taɓa aljihun ɗan ƙasa sai ikonta ya zama a rubuce, kuma a fili.

Abin da nake so in gani a Katsina ba mai tsada ba ne. A fassara jadawalin tarar kowace hukuma zuwa Hausa, da boko da ajami, a liƙa a tashoshi da bakin kasuwanni, a riƙa karanta shi a gidajen rediyo har ɗan acaɓa ya haddace. A sa biyan tara ya zama abin da za a gama a waya ko wurin mai POS cikin minti biyar, saƙon shaida ya shigo nan take, a ba mutum kwanaki ya biya ba tare da an riƙe abin neman abincinsa ba, sai fa idan abin hawan kansa ne haɗarin, kamar marar burki ko wanda direbansa yake cikin maye. Ranar da biyan gaskiya ya fi sasantawa sauƙi, yawancin mutane gaskiyar za su biya. Sannan a bambanta tsakanin laifin da ke kisa da wanda ba ya kisa. Bin hannun da ba naka ba, da ɗora mutane a kan tirela, da ba yaro ɗan shekara sha uku tuƙi, waɗannan a tsananta a kansu ba sani ba sabo, ko motar wa ce. Fitilar baya da ta mutu jiya, gargaɗi da wa'adin gyara sun wadatar.

Abin da na fi jin tsoro shi ne a mayar da tara hanyar tara kuɗin shiga. Duk hukumar da aka auna ƙoƙarinta da yawan abin da ta kawo asusu, jami'anta za su koma inda kamu ya fi sauƙi, ba inda haɗari ya fi yawa ba, kuma mai sauƙin kamu kullum shi ne talaka mai ƙafa uku. Tun bayan cire tallafi kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. Kuɗin nan daga aljihun mai shan mai ya fito, kuma hanya mafi adalci ta mayar masa da shi ita ce a rage masa tsadar zirga-zirga. Ƙarfin KTSTA, hukumar sufuri ta jiha, ya fi karkata ga jigila tsakanin garuruwa. Hanyar Dutsin-Ma kaɗai, mai ɗauke da kwalejin ilimi ta tarayya da kwalejin Hassan Usman da jami'ar Al-Qalam da ta Umaru Musa, ta isa a ce tana da manyan motocin safa masu tashi a kan lokaci. Safa ɗaya mai mutum hamsin tana ɗauke aikin napep fiye da goma sha biyar, da tsayuwarsu da juyinsu. Kuma kafin a ci mutum tara don ya tsaya inda bai dace ba, a fara nuna masa inda ya dace: a ware wuraren ɗauka da saukewa, 'yan taku kaɗan daga kowace mahaɗa, a shata su da fenti, a sa rumfa.

Wasu suna cewa a yi haƙuri, da mai ya sauka komai zai koma yadda yake. Ya ɗan sauka kuwa. Matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur a Satumbar 2024, kuma gasar da ta biyo baya ta sa a 2025 lita ta dawo ƙasa da naira 1,000 a wurare da dama. Amma titi bai koma yadda yake ba, kuma ba zai koma ba. Ma'aikacin da ya sayar da motarsa ba zai iya sayen wata a farashin yau ba. Wanda rashin tsaro ya raba da gonarsa bai koma ba tukuna. Dubban napep da baburan da aka ɗauka bashi ana biya duk sati suna nan, kuma masu su dole su fito kowace safiya har sai sun gama biya. Idan man ya ƙara sauka, motocin da aka lulluɓe a gida su ma za su fito su same su a kan titin, kuma wuraren tsayawar da ba a ware ba a yau, a lokacin za a fi jin rashinsu.